Ladan a Bakin Akurki

Idan ka tambayi Malam Arzika wa ya jawo masa abin da ya same shi a waccan bazarar, zai ce maka wani jan zakara ne. Idan ka tambayi masu zaman ƙofar masallaci, za su kawar da kai su ce ai tsufa ne ya zo. Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi. Mutumin da in ya buɗe baki da asuba har masu kwana a tashar mota sai sun juya, shi za a ce ya tsufa?

A lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, unguwar Badariya kuwa ba ta cika kamar yadda ta cika daga baya ba. Akwai wani ɗan masallacin laka a can mai rufin kwano, wanda Arzika yake wa ladanci tun gemunsa yana baƙi. Ba a biyansa komai, bai kuma taɓa nema ba. Da rana yana kasa goro a faifai a ƙofar gida, amma wannan neman abinci ne kawai. Abin da ya sa shi mutum a unguwar shi ne wani dakali mai matakala a gefen masallacin, inda yake hawa ya sa yatsu a kunne ya kira jama'a. Ya yi zazzaɓi ya hau dakalin nan, ya yi ciwon haƙori ya hau shi. Ranar da aka binne ƙanensa ma, daga maƙabarta dakalin ya wuce.

Da bazara cikin masallacin ba ya shiguwa, don kwanon nan mayar da shi tanda yake yi. Sai a dawo waje a yi sahu kan rairayi, ƙarƙashin wani babban dogon yaro. Gidan Arzika kuwa katanga ɗaya ce ta raba shi da filin, kuma wani reshen bishiyar ya leƙo har cikin tsakar gidansa.

Kajin ba nasa ba ne, wannan a san shi tun yanzu. Na matarsa ne, Adama, wadda ta fara da kaza ɗaya har suka cika mata tsakar gida. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, daga shi sai ita sai kajin. To, sai aka aiko daga Argungu cewa 'yarsu Maryamu ta sauka, tagwaye, ga shi uwar mijinta ta rasu, babu mai dafa mata ruwan wanka. Adama ta ɗaure ƙunshinta. Ta kai zaure ke nan ta juyo.

"Malam, ga kajina nan, amana ta. Ka tabbata sun shiga akurki da marece."

"Ke dai tahi abinki," in ji Arzika, ko ɗago kai bai yi daga faifansa ba. "Ni da ka tara mutane sau biyar kullum, kaji za su gagare ni?"

Washegari da safe ya ɗebi tsaki da hannu biyu ya watsa musu kamar mai rabon sadaka. Suka ci suka ƙoshi, suka fice yawo. Da rana ta yi ja ya yi alwala ya fita masallaci da wuri, kamar yadda ya saba. Kaji suka dawo suka yi cirko-cirko a bakin akurki, babu kowa a gidan. Jan zakaran ya dubi katanga, ya dubi reshe, ya yi tsalle. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kafin Arzika ya sauko daga dakali, kajin Adama sun baje a kan rassan dogon yaro, daidai saman sahun gaba.

Kwanakin farko abin dariya ya zama. Wani ya goge hula, wani ya matsa gefe, ana cewa Ladan ya samu sababbin masu bin salla. Shi ma yana dariya, don bai san kabarin ladancinsa ake tona ba.

Dariyar ta ƙare ranar da Liman Abdussamadu ya kai tsakiyar sura a raka'a ta biyu, sai abu ya sauko masa a rawani ya gangaro kafaɗa. Liman ya katse karatun. Ya miƙa hannu baya don ya jawo wanda zai ƙarasa wa jama'a salla, shi ya je ya wanke. Arzika ne a bayansa daidai, inda yake tsayawa shekara da shekaru. Hannun ya wuce shi, ya kama rigar Malami, wani tela mai ɗan karatu wanda a haife Arzika ya haife shi. Malami ya shige gaba har da gyaran murya. Arzika ya ƙarasa sallar nan kunnuwansa suna zafi, kuma Allah kaɗai ya san abin da ya karanta a zaman tahiya.

Bayan an sallame ba wanda ya tashi. Liman ya dawo da jiƙaƙƙen rawani a hannu.

"Allah shi gafarta Malam," in ji Arzika, tun kafin a ce masa komai, "kashin kaza na fa. Kazar da muke yankawa mu ci. Har shi kai a yanke salla?"

"In killatacciya ta, tana cin tsaki mai tsabta, babu laihi," in ji Liman a hankali. "Amma kajin ga naka wuni sukai bisa juji da bakin kwata. Kashin irinsu najasa na, Ladan. Ka san wannan."

Ya sani ɗin. Abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

Sai Alhaji Atiku ya karɓe. Shi ɗan kwangila ne, shi ya sa wa masallacin kwanon da ya kori kowa waje, kuma tun daga ranar yake magana kamar shi ya gina Ka'aba. Ya ce shi ma an ɓata masa farar riga shekaranjiya, ya yi shiru ne don girman Ladan. Ya ce abin kunya ne a ce mai kiran mutane salla shi ne mai ɓata musu ita. Ya ce ko dai kajin su bar bishiyar kafin Juma'a ta sama, ko kuwa a nemi wanda ba shi da kaji ya hau dakali.

Arzika ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda ya yi wa ɗansa huɗuba a kunne, ga wanda yake buga wa ƙofa da azumi don kada sahur ya wuce shi. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da rairayi. Wani daga baya ya ce a yanka su mana a huta.

"Dukiyar mutane zan yanka?" Arzika ya daka masa tsawa. "Amana anka ba ni! In kuna so ku sare iccen."

Nan fa kowa ya samu baki. A sare dogon yaro, a yi salla a ina, cikin tandar Alhaji? Aka watse a kan maganar Juma'a.

Abin da ya biyo baya, da a ce Adama ta gani, da ta yi kuka ko ta yi dariya har ta faɗi. Ya samo doguwar gora ya riƙa zungurin rassan bayan magariba. Kajin suka ƙara hawa sama suna kyarkyara, masu nafila suna harararsa. Ya yi tunanin roƙon wata maƙwabciya ta riƙa kora masa su, sai ya tuna wace mace ce za ta shiga gidan da babu mace da almuru, a unguwar da bakin mutane ba ya hutawa. Da safe ya naɗe riga ya bi su da gudu, dattijo guda da furfurarsa, ya kife wasu da kwando, ya jefa su akurki ya rufe. Ya ce su wuni a nan su koyi hankali. Bai tuna da ruwa ba, bai tuna da ranar bazara ba. Da ya dawo daga azahar ya leƙa, sai ya tarar da su bakuna a buɗe suna haki, baƙar kazar da ta fi kowacce ƙwai kuwa ta miƙe ƙafafu a lungu.

Wannan ta taɓa shi ƙwarai. Ya daɗe a tsugune da mushen a hannu, yana jin kunyar matar da ba ta ma nan.

Malami ne ya zo da shawara, da fuskar tausayi, har da aron almakashinsa na ɗinki. "Baba Ladan, a rage musu hihhike, ba su iya tashi." Arzika ya karɓi almakashin don ba shi da yadda zai yi, ya sha yaƙushi ya sha tsattsaga, ya rage wa zakaran gashin fiffike. Da yamma ya hau dakali yana leƙen tsakar gidansa ta saman katanga, da murmushin wanda ya gama da abokin gaba. Yana kallo zakaran ya hau turmi. Daga turmi ya hau murfin randa, daga randa ya hau tarin itacen girki, daga nan katanga, daga katanga ya taka reshe a ƙafa, a natse, kamar mai hawa benen ubansa. Matansa suka biyo shi. Ranar dai waɗanda suka san kiran Arzika sun ce sun ji muryarsa ta yi rawa.

Da Juma'a ta matso ya ga babu sauran dabara, sai ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ana sallame asuba ya nufi tasha ya hau akori-kura mai zuwa Argungu, ya zauna kan buhunan albasa, don ya je ya tambayi matarsa yadda ake sa kaji barci. Direban yana tsayawa a kowane ƙauye ya ɗauki kaya ya yi hira, Arzika yana duban rana yana tsaki, don ya rantse azahar a kan dakalinsa za ta same shi. Fadama ta bushe ta tsattsage, gulbi ya janye can tsakiya. Bai ga ko ɗaya ba, zakaran nan kawai yake gani.

Gidan mijin Maryamu gidan masunta ne, tun daga ƙofa ƙaurin kifin banda yake tarbar baƙo. Maryamu ta leƙo daga ɗaki a firgice.

"Baba! Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Ina uwarki?"

Adama tana bayan ɗaki, tana iza wuta ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunyar ruwan wanka. Ta ɗago ta dube shi daga hula har takalmi, ta ga yaƙushin da ke hannunsa. Ba ta buƙaci a gaya mata ba.

"Sunan jikokinka ba ka zo ba, Malam, wai babu mai kiran salla. Yau kaji sun kawo ka."

Ya haɗiye wannan. Ya tsuguna ya zayyana mata komai, rawanin Liman da bakin Alhaji Atiku da maganar Juma'a. Da ya zo kan wadda ta mutu sai ya yi ta kewaye-kewaye, har ta gaji ta tare shi.

"Wacce?"

"Baƙar."

Adama ta juya masa baya. Ta ɗauki itace ta cusa a wuta da ƙarfin da ya fi na itacen, har tartsatsi ya tashi. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

"Ki zo mu koma," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ko na kwana kaɗan."

"In bar ɗiyata da ɗanyen jiki da jarirai biyu? Sai ta yi arba'in. Saurara in hwaɗa maka, in kana iyawa. Da sahe kada ka ba su ko ƙwara, ruwa kawai. In rana ta yi ja, ka zuba tsaki can cikin akurki, ka ɗauki kujerata ka zauna bakin ƙohwa. Kada ka kore su, kada ka yi musu tsawa, kada ka tashi. In sun ga mutum zaune, suna shiga. In sun ga gida babu kowa, icce za su hau. Zakaran shi ka shiga ƙarshe, kuma ba shi shiga sai duhu ya hwara."

"To, sannan in hita in kira salla."

"Sannan an gama kiran salla, Malam."

Ya zuba mata ido kamar ta yi masa wani yare.

"Mi kike nuhi? Wa za shi kira?"

"Wannan kuma ku ta shahwa, ku maza." Ta juya ta ci gaba da iza wutarta. "Kana zaton duk shekarun ga da kake bisa dakali, su da kansu suka shiga? Ni ban taɓa jin kiranka na magariba ba sai a bakin akurki."

"Har kwana nawa zan zauna?"

"Su za ka tambaya. Yanzu da sunka ɗanɗana icce, sai sun manta da shi."

Ya leƙa jikokinsa a gurguje, ya tofa musu addu'a, ya kama hanya. Duk tsawon tafiyar yana huci. Wato don ya tsare dakalinsa sai ya sauka daga kansa? Wane irin hukunci ne wannan? Amma ya auna ta ko'ina bai ga wata ƙofa ba. Ya iso azahar da kyar, ya kira ta da ƙurar hanya a jikinsa, bayan salla ya ja Liman gefe. Ya ce yana roƙon a ɗauke masa magariba kaɗai, na 'yan kwanaki, har kajin su saba. Malami ya riƙe masa.

"Ai babu komi, Ladan, babu komi," in ji Liman. Saurin amsar nan bai yi wa Arzika daɗi ba.

Haka ladanin Badariya ya koma zaman kujera 'yar tsugunne ta mata, gwiwoyinsa har haɓa, da ƙwaryar tsaki a gefe. Yunwa ta yi aikinta, tun yammar farko wasu suka shige suna tsattsaga. Zakaran kuwa ya tsaya nesa yana kallonsa da ido ɗaya, ya juya ya kalle shi da ɗayan. Hannun Arzika ya kai kan takalmi ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo, don an ce kada ya yi tsawa. Yana cikin haka sai ya ji Malami ta bayan katanga. Wata 'yar siririyar murya, tana ja inda ba a ja, tana yankewa inda ake ja. A kan dakalinsa! Ya runtse ido ya cije leɓe. Da ya buɗe, zakaran yana kan katanga.

Kullum sai ya rufe waɗanda suka shiga, ya ruga ya samu raka'ar ƙarshe a sahun baya, wurin masu makara da yake wa faɗa a da. Amma abin yana ci gaba. Masu hawa bishiya suna raguwa, har ya zama daga zakaran sai 'yan rakiyarsa, su ma a reshen da ke cikin gida suke tsayawa. Juma'a ta zo ta wuce ba wanda ya ce uffan. Liman ma cewa ya yi kada ya yi gaggawa, ya bi su a hankali. Arzika ya ɗauka adalci ne aka yi masa, har ya ji kunyar zargin da ya yi wa mutumin.

Sai wata yamma yana zaune a kan kujerar, wata ƙara ta fashe a saman kansa, kaji suka watse, shi ma saura kaɗan ya kife. Muryar Malami ce, amma ta kumbura ta cika unguwa. Alhaji Atiku ne ya ga wai muryar yaron ba ta kai wa nesa, ya sayo lasifika da batirin mota, aka ɗaure ƙahon lasifikar a jikin dogon yaro. Aka yi wa na'urar akwati da kwaɗo, aka ba Malami makulli, tunda shi ya iya haɗa wayoyin.

Da asuba Arzika ya fito da butarsa kamar kullum, yana tsakiyar alwala ya ji an riga shi. Azahar ma haka, la'asar ma haka. Akanbi mai shagon rediyo, wani Bayarabe da suka daɗe suna sahu ɗaya, ya tsaya sayen goro yana sosa ƙeya.

"Baba Ladan, wallahi ni sayarwa kawai na yi. Na ce musu a koya maka, abu ne mai sauƙi. Alhaji ya ce a bari ka gama da kaji tukuna."

"To, a bari in gama da kaji," in ji Arzika, yana zaɓar masa goro. Ya riƙe wannan maganar da hannu biyu, don ita kaɗai ta rage masa. Magariba kaɗai ya bayar aro, an kwashe biyar ɗin duka ba tare da an ce masa ci kanka ba. Amma ai an ce in ya gama. To, zai gama.

Ya kuwa gama. Wata yamma, rana ba ta ma faɗi ba, zakaran ya zo ya wuce ta gaban ƙafarsa, ya sunkuya ya shige akurki kamar ba shi ne ya tayar da unguwa ba. Arzika bai yarda ba. Washegari ya zuba tsakin ya koma zaure ya laɓe, yana leƙe. Suka shige da kansu. Ya sake gwadawa, suka sake shigewa, ko katangar ba su kalla ba. Ya rufe ƙofar akurkin a hankali, ƙirjinsa fal murna, har ya ji yana son zakaran.

Ranar ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a duk da ba Juma'a ba ce, ya fita da sauran haske. Ya gaishe da mutane da ƙarfi don kowa ya san ya dawo. Bai nemi makullin kowa ba, dakalinsa ya nufa. Ya sa ƙafa a matakala ta farko ke nan Liman ya kira shi.

"Ladan, zo mana."

Liman yana zaune kan buzu, Alhaji Atiku a gefensa yana jan carbi. Arzika ya sauko ya tsuguna.

"Allah shi gafarta Malam, an gama. Duk suna ciki, na ruhe da hannuna."

"Mun gani, mun kuma gode," in ji Liman. "Jama'a duk suna yaba maka. Tun da ka zauna gida da marece, ko ɗigo bai sauko ma kowa ba. Shi ya sa munka zauna munka duba. Munka ga abin da ya gyaru, kada a ɓata shi."

"Ban gane ba."

"Ka ci gaba da tsare su. Wannan ma aikin masallaci na, kuma babu mai iya shi sai kai. Kiran kuwa, tunda ga na'ura, kuma yaron ya saba..."

"Sun saba, Malam!" Arzika ya miƙe tsaye bai sani ba. "Kajin sun saba! Da kansu suka shiga, ko ina nan ko ba ni nan. Ku zo ku gani!"

"Kaza ta fa, Ladan," in ji Alhaji Atiku, bai ko daina jan carbinsa ba. "Ran da ka taso, ran nan za su koma. Mu ba mu son a sake."

"Kun ce kahin Juma'a, na yi. Kun ce su bar icce, sun bari. Na tahi har Argungu bisa albasa, na kashe kazar matata, na zauna kujerar mata awa mai jego, duk don in koma bisa dakalin ga. Yanzu don na iya, shi na laihina? Da na kasa ku tsige ni, da na iya ku tsige ni? To, dauri mi kunka so in yi?"

Liman ya kawar da kai. Yana da sauran magana, cike da bakinsa, wadda ya tara tun ranar rawani. Ya ja numfashi zai zazzage ta ke nan, ƙahon da ke jikin bishiya ya yi ƙara, Malami ya fara kabbara.

Ba a magana ana kiran salla. Shi da kansa ya sha tsawata wa manya da yara a kan haka. Ya tsaya a wurin da bakinsa a buɗe, a cikin rigarsa ta Juma'a, sannan ya rufe shi. Leɓunansa suka fara motsi da kansu, suna maimaita abin da mai kira ya faɗa, kalma bayan kalma, kamar na kowa. Wannan ta fi masa komai ciwo, har hawaye ya taru masa, ya sunkuyar da kai don kada Alhaji ya gani.

Ya yi sallar a ƙarshen sahu. Ana sallamewa bai tsaya addu'a ba, ya suri takalmansa ya shige gida. Ya wuce kai tsaye bakin akurki, ya fizge ƙofar har igiyarta ta tsinke, ya yar da ita gefe.

"Ku hito!" in ji shi, da muryar nan da ke kai wa tasha. "Ku hito ku hau! Ga iccen can, ku hau har ƙoli, ku yi musu duk abin da kunka ga dama!"

Ya buga rufin akurkin da tafin hannu. Ya jawo turmi ya jingina da katanga, ya tura randa kusa da shi, ya gyara musu hanya da hannunsa. Ya dawo ya durƙusa ya leƙa ciki yana haki. Suna nan a jere, sun cusa kawuna cikin gashi. Jan zakaran ya buɗe ido ɗaya ya dube shi, ya gyara tsayuwa, ya mayar da idon ya rufe. Ko ɗaya ba ta fito ba.